Kanawa Na Tafe: Kundin Shirin Zagayen Damagaram

Litinin

Saƙon murya daga Kano da sassafe. Yaya, ɗan gwaggona, zai kawo iyalinsa a hutun Disamba su ga Damagaram. Ba biki, ba ta'aziyya, kallo kawai. Ƴarsa babba ce ta tada maganar, wai kullum fadojin Jaipur take gani a fina-finan Indiya, alhali fadar da kakarta ke ba ta labari ko ƙofarta ba ta sani ba.

Jerin da ya turo: fada, Zango, Mirya, Gidimuni, Tanut, Tarmit, "in da hali har Agadas". Duk wannan tsakanin Laraba da Litinin. Na ce, "Yaya, Agadas kaɗai ta fi kilomita 400 daga Zinder." Ya ce ai motarsa sabuwa ce.

Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni. "Mutum ya taso tun daga Kano don ya kalli katanga? Gidan wa zai fara gaisuwa?"

Talata

Na soke Agadas, na soke Tarmit. Tarmit da Tin Tumma gandun namun daji ne da aka keɓe a 2012, amma ba wurin da ake zuwa da ƙaramar mota da yara ba ne. Sai mota mai cin rairayi, da jagora, da izinin hukuma, ga batun tsaro. Tanut ma na cire. Abin da za su gani a wannan hanya shi ne matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ita kuwa ba a buɗe wa ɗan kallo ƙofa.

Hanyar shigowa ba ta da gardama: Kano, Daura, Kwangwalam, su tsallako Ɗan Barto, sai Matamaye, Kance, Takeita, su hau babbar hanyar da ta taho daga Yamai. Su riƙe takardun mota da katin shaida a kusa, kada a cusa su ƙarƙashin kaya, don za a tambaya a duwan, jandarmomi ma za su tambaya. Su canji sefa tun a iyaka. Na kuma ja kunnen matarsa kan lissafi: a nan da dala ake ƙirga, in mai tumatir ta ce ɗari, sefa 500 take nufi.

Laraba

Yau na gane abin da zai riƙe tafiyar: ranakun kasuwa da ranar Juma'a. Kasuwar Dole ta Zinder ta fi cika ran Alhamis, ta Mirya Lahadi take ci, fada kuwa ba ta da rana irin Juma'a. Wanda ya je Mirya ran Talata zai ga gari, amma bai ga Mirya ba. Sauran wurare sai su nemi gurbi a tsakani.

Tun a hanyar shigowa akwai inda nake so su tsaya ko da tsawon shan ruwa ne: Tirmini, kafin a iso Zinder. Ba wani gini za su tarar ba, fili ne da gonakin hatsi. A nan ne a watan Yulin 1899 rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta kara da sojojin Faransa, bindigar Nasara ta rinjayi dawaki. Shekara guda kafin haka an kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, wannan ce hujjar da Faransawa suka riƙe. Yaran Kano sun san labarin Sarki Alu da shigar Ingilishi a 1903, ba su san an riga su ɗanɗana ba a nan arewa da su. Zan kuma tuna wa Yaya cewa wannan Kuran Daga shi ne ya kai yaƙi har Gezawa a zamanin Alu. Na san amsar da zai ba ni, cewa ai bai shiga Kano ba. Mu da su wannan tsiya ba ta ƙarewa.

Alhamis

Na shiga Zinder don in taka hanyar da ƙafata kafin in ɗora baƙi a kai. Na fara da Birni, tsohon garin.

Motar Yaya ba ta da aiki a nan. Lungunan ƙunci gare su, suna kewaya manyan duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu, kuma abin kallon a bangon gidaje yake: zanen magina a fuskar zaure, zankwaye a saman soro, wani an shafe shi da launi, wani jar ƙasa ce tsura. Wasu gidajen damina ta cinye su, wasu an rushe an sa bulo da kwano. Ban ga laifin mai gida ba, yaɓe duk shekara kuɗi ne. Sai dai tun 2006 tsohon garin yake cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO don a duba, kuma ginin ƙasa ba ya jiran takarda.

Fadar ta zamanin Sarki Tanimu ce, wajen 1850. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa ne aka ƙera igwa a garin nan, ayarin Tarabulus ya riƙa sauka a Zango da hajja yana ɗaukar fatu da gashin jimina, har da bayi, wanda masu ba baƙi labari kan tsallake. Daga ganuwar ɗan guntu ya rage. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a nan a ƙarshen 1852, ya yi kusan wata guda. Bayan cin ƙasa kuma Zinder ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, lokacin da aka mayar Yamai. Duk wannan ba a rubuce yake a bango ba. In ba a samu mai faɗa ba, yaran za su ga soro da dogarai su ce sun gani.

Na gaida wani dattijo a ƙofar fada, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi gare ni daga Kano." Ya ce a zo da safe, a yi sallama ta hannun dogari, a cire takalmi inda aka ce a cire, kada a ɗaga waya sai an tambaya. Goro kuwa bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, kowa ya san da shi.

Gargaɗi ɗaya na rubuta da manyan baƙaƙe: tsohon barikin Faransawa da ke kan dutse har yau na soja ne. Ba hoto.

Juma'a

Na kwana a gari. Fitowar Sarki zuwa masallacin da ke fuskantar fada, da kakaki da algaita da dogarai cikin ja, ita ce za ta biya ƴar Yaya bukatarta. Su zo da wuri su sami inuwa.

Da la'asar na bi ta wajen dukawa na tambayi kuɗin jaka da takalmi, don kada a ji harshen Kano a ninka. Alkaki kuwa sai ranar komawa za a saya.

Asabar

Na dawo gida Zermu na tarar Inna ta gama nata tsarin. Gidan Baffa, gidan Hajiya babba, ta'aziyyar da gwaggo ba ta samu zuwa ba bara, jaririn da aka haifa da kaka, maigari. Na ƙirga, yini guda ba zai ishe su ba, don ba gidan da za a shiga a fito ba a sha fura ba.

Nan ne wuyar shirya wa ɗan'uwa yawon buɗe ido. Bature ya zo, ba wanda ya san kakarsa, sai ya wuce Gidimuni abinsa. Yaya kuwa in ya bi ta Mirya bai ratso Zermu ba, maganar za ta riga shi isa Kano. Ni dai ina ganin Inna ta fi ni gaskiya da rabi. Ɗaya rabin shi ne, in aka sakar mata, yaran za su koma ba su ga komai ba sai tabarmi da kwanon fura, kuma ba za su sake roƙon a kawo su ba.

Gidimuni nake jin tsoron rasawa. Tafki ne a tsakiyar tuddan rairayi a kan hanyar Gure, da dabino da rake da garake kewaye da shi. Wanda ya ɗauka Nijar duk fako ce, can ya kamata a kai shi, musamman da hunturu, lokacin da garake suke kore.

Lahadi

Na je Mirya, kasuwa na ci. Tuluna da tukwane jere a ƙasa, jajaye, wasu da zanen fari. Zan gaya wa matar Yaya ta bar wuri a bayan mota, ta kuma zo da tsummokaran naɗewa. Mirya ta girmi sarautar Damagaram, tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Dungas da Waca kafin a haɗiye su. Mutanenta ba su manta ba, don haka Yaya ya iya bakinsa.

Da dare muka daidaita da Inna. Laraba isowa, da tsayawa a Tirmini. Alhamis Dole da Zango. Juma'a Birni da fada. Asabar a yi sammako zuwa Gidimuni, a juyo bayan azahar a kwana Zermu, a yi gaisuwar da ta samu kafin isha. Lahadi da hantsi Mirya, a dawo a ƙarasa sauran gidajen. Ta yarda, bisa sharaɗin gidan Baffa ne farko kuma ba za a shiga da gajeren wando ba.

Na tura wa Yaya. Ya amsa da cewa tsari ya yi, sai dai surukarsa ma ta ce za ta biyo su, kuma tana da dangi a Magarya.