Wasiƙa Zuwa Dubeli: Mai Tafiya Shi Kaɗai a Dusar Ƙanƙara

Hamma,

Na san yanzu hazo ya sauka a kan Binuwai, wanda ke kan gadar Jimeta da ƙyar yake hango tsallake. Mu ma a nan Winnipeg hunturu ne, irin wanda ma'auni ke sauka har digiri 30 ƙasa da sifili.

Ka tambaye ni batun mutanen nan da kuke gani a waya, mutum ya ɗauki mota shi kaɗai, ya yi kwanaki yana tuƙi cikin dusar ƙanƙara, ba ɗan rakiya, ba yaron mota. Ka ce majalisarku ta rabu biyu, samari na cewa jarumta ce da 'yanci, dattawa na cewa alama ce ta mutanen da zumunci ya mutu a zukatansu. A ganina duk ɓangarorin biyu direban kawai suka kalla. Abin da ke kai shi lafiya jama'a ce mai yawa da ba ta fitowa a hoton, wadda ba ta san shi ba, amma ta ɗauki haƙƙinsa a wuyanta tun kafin ya tayar da mota.

Daga Winnipeg zuwa Toronto ya haura kilomita 2,000, wato ya ninka tafiyar Yola zuwa Abuja fiye da sau biyu, kuma akasarinsa yanki ne kawai na babbar hanyar da ta ratsa Kanada daga teku zuwa teku, mai tsawon kusan kilomita 7,800. A arewacin Ontariyo, tsakanin Thunder Bay da Sault Ste. Marie, mutum kan yi tafiya mai nisa ba abin da yake gani sai kurmi da duwatsu da tafki. Amma kafin ya iso, motocin share ƙanƙara sun bi hanyar cikin dare, sun zuba gishiri da yashi. Akwai lambar waya, 511, da ke faɗa masa halin da kowace hanya take ciki. Idan guguwa ta yi tsanani 'yan sanda kan rufe hanyar baki ɗaya, mai gaggawa da marar gaggawa duk su jira. A lardin Kebek doka ce tun 2008 a sa wa mota tayoyin hunturu, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Shi ma direban yana da nasa kason: bargo da shebur da kyandir da wayar haɗa batir a bayan mota, ba ya barin mai ya yi ƙasa da rabin tanki, kuma ya faɗa wa wani hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro ba sa fita sai da ayari, da madugu mai yanke shawara da jagaba mai sanin hanya. Ayarin yana nan a ƙasar nan, an dai rarraba aikinsa ne ga ma'aikatu da dokoki, ana biyansa da haraji.

Na san abin da dattawa za su ce: aikin albashi daban, zumunci daban. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Kaɗaici a nan ciwo ne na gaske. Maƙwabci kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, tsoho kan ƙare kwanakinsa a gidan kula da tsofaffi, 'ya'yansa na wani gari. Gaisuwar safe da ta rashin lafiya da cikar jama'a a jana'iza irin ta Dubeli, babu su a nan, kuma ba na son mu sayar da su ko da nawa ne. Sai dai cewa tausayi ya mutu a cikinsu, wannan bai yi daidai da abin da ke faruwa ba. A Disambar 2010 guguwar ƙanƙara ta tsare ɗaruruwan matafiya a kan hanya mai lamba 402 kusa da garin Sarnia. Sojoji sun zo da jirage masu saukar ungulu, amma mutanen karkarar su ma sun fita da baburan ƙanƙara suna kwaso baƙi, suna buɗe musu gidajensu. A Janairun 2022, da motoci suka maƙale sama da awa 24 a babbar hanyar jihar Virginia ta Amurka, har da Sanata Tim Kaine a cikinsu, direban wata motar burodi ya buɗe ta aka raba wa mutane. Mu ma muna da irin wannan. Mota ta faɗi a hanyar Numan ko ta Gombi, mutanen ƙauye za su rugo da gudu ba tare da sun tambayi yaren kowa ba. Inda muke da rauni shi ne taimakon da ake yi kafin hatsari, wanda ba mai ganinsa balle ya yi godiya: cike rami, gyara alamar hanya, janye babbar motar da ta lalace a kwana maimakon a tsinka ganye a jera a bayanta. Addininmu ya sa matafiyi cikin waɗanda ake ba zakka, ko da mai hali ne a garinsu. Wanda ya yarda da wannan bai kamata ya ɗauki haƙƙin baƙon da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba a matsayin al'adar Turawa.

Wani zai ce ai duk kuɗi ne, ƙasa mai arziki ce ke iya sayen motocin share hanya. Kuɗi na da tasiri, ban musa ba. Amma a Disambar 2022 sama da mutum 40 suka mutu a Buffalo ta Amurka da kewayenta, cikin ƙasar da ta fi kowace arziki, wasunsu a cikin motocinsu, kuma an yi ta ƙorafin cewa hukuma ta makara wajen hana fita da mota. A Murree ta Pakistan, cikin Janairun 2022, sama da mutum 20 suka rasu a motoci, da yawansu saboda ƙanƙara ta toshe salansa, hayaƙin inji mai guba ya dawo ciki suna zaune. Abin da ya gaza a wuraren nan biyu gargaɗi ne, ko dai bai zo da wuri ba ko kuma ba a ji shi ba. Shi kuwa jin gargaɗi ba ya cin ko kwabo. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, bayan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, mun kuma san gidaje nawa ne a bakin kogi da ke jin sanarwa su yi zamansu. Mun san tayar da ta suɗe ana loda mata fasinja a tashar Jambutu, da direban da ke taka mota cikin hazo da fitila ɗaya, alhali hukumar kiyaye haɗurra tana nan tun 1988. Idan aka yi magana sai a ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, rai na hannun Allah. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa dogaro ga Allah ya ɗauke wa mutum duba birki ba, kuma direban da ya ɗauki rayuka goma sha takwas amana ya ɗauka, za a tambaye shi.

Samari kuma su san cewa sanyin nan ba ya ragawa mai ƙarfin hali. Garin Emerson yana kudu da nan, a kan iyakar Amurka. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu suka tsallako ta can da ƙafa cikin dare suna neman mafaka, sanyi ya cinye musu yatsun hannu, sai da aka yanke. A Janairun 2022 aka tsinci gawar iyali guda 'yan Indiya, uba da uwa da yara biyu, dab da iyakar. Su ne waɗanda suka yi tafiya su kaɗai da gaske, domin sun bar hanyar da ake sharewa, kuma ba wanda ya san inda suke sai waɗanda suka karɓi kuɗinsu.

Don haka, Hamma, roƙona biyu ne. Idan wani yaro a unguwa ya ce an yi masa alkawarin tsallakar da shi iyaka ta daji, ka zaunar da shi ka karanta masa wannan wasiƙa. Sannan kafin damina ta kama, ku zauna da mai unguwa da limamai ku tsara wanda zai bi gida-gida idan sanarwar Lagdo ta fito, da inda za a kai tsofaffi da yara. A gaida Inna ƙwarai, a ce mata ina neman addu'a.

Ƙaninka,
daga Winnipeg