Ranar Da Na Ga Kishiyata A Bakin Teku

Yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba, abin da ya faru da ni ne.

Wata huɗu da tarewata a garin Bango, can ƙasar Wels ta Birtaniya inda maigidana yake karatu, na lura duk Asabar da sassafe sai ya saɓa jaka ya fice, sai yamma lis ya dawo yana fara'a. Ni kuwa ga kaɗaici, ga kewar Umma. Zuciya ta raya mini wata Baturiya ya samu. Kwana uku ban yi masa magana ba, ran nan na tare ƙofa na ce, "Yaya, wallahi yau ƙafata ƙafarka." Ya yi murmushi ya ce, "To Amarya, ɗauko rigar sanyi."

Jirgin ƙasa ya kai mu Holihed, garin da ake hawa jirgin ruwa zuwa Dablin. Akwai wata katanga da aka gina cikin teku don tare igiyar ruwa, an gama ta a 1873, tsawonta ya fi kilomita 2. Ba kanta muka hau ba, duwatsun gefen gari muka gangara. Watan Yuni ne, amma iska kamar hunturun Kano. Ko'ina ciyawar teku ce shimfiɗe, mai ruwan ƙasa, ga santsi kamar miyar kuɓewa, ga ƙarni.

Ni da na san su sai na Argungu, da koma da gora da ihu, sai na ga Yaya ya fito da 'yar sandar fatsa, ya soka wata tsutsar teku a ƙaramar ƙugiya. Bai ma jefa nesa ba, a gindin dutse ya saki, tsakanin ciyayi. Ya ce nan kifin yake zama, yana cin ƙananan ƙaguwa da katantanwa. Kuma da ya ciza sai ka ɗago maza, in ba haka ba ya shige kogo da ƙugiyarka.

Can sai sandar ta karkaɗa. Kai jama'a! Kifin bai fi tafin hannuna ba, amma kamar an yi masa kwalliyar kai amarya: kore da ruwan goro, ga zane shuɗi a kumatu, ga leɓe mai kauri. Mutanen wurin ras suke ce masa. Yaya ya ce, "Ga kishiyar taki." Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a wannan jinsin namiji ne yake gina ɗaki. Da bakinsa yake tsinko ciyawa yana cusawa a tsagar dutse, mace ta zo ta duba, in ya yi mata ta zuba ƙwai, shi kuma ya zauna gadi har su ƙyanƙyashe. Na tuna yadda Baba ya sayar da gona don kayan ɗakina, na ce lallai a teku mata sun huta. Akwai kuma babban ɗan'uwansa da duk mata ake haifarsu, sai daga baya wasu su rikiɗe su zama maza. Ikon Allah!

Har na fara lissafin yaji da mai, sai Yaya ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar, ya mayar da shi ruwa. Wai watakila yana da ƙwai a ɗaki. Raina ya ɗan sosu, don na yi kewar soyayyar tarwaɗa.

Muna cikin hira na waiga, sai gabana ya faɗi. Hanyar da muka biyo ta zama ruwa. Ashe tekun can sau 2 take janyewa ta dawo a kwana ɗaya, mu kuwa mun shagala. Na fara salati. Yaya ya riƙe hannuna gam, muka ratsa ruwa har gwiwa, sanyinsa kamar allura, takalmina ɗaya ya tafi.

A jirgi, ƙafata cikin safarsa, na ce, "Yaya, Asabar mai zuwa ni zan riƙe sandar." Ya ce, "Tsutsar fa?" Na ce wannan kam aikinsa ne.