Tsohon Gam

A majami'armu akwai wani tsohon piyano wanda ya girmi yawancin mawaƙanmu. A hunturun bara, katakon da ake jingina littafin waƙoƙi a kansa ya tsage, gama busasshiyar iska takan sa katako ya tsuke. Ran Lahadi, ana tsakiyar waƙa, littafin ya zame ya faɗo a hannun mai kaɗawa. Da maraice na shafa gam cikin gaggawa, na buga ƙusa. Kafin mako biyu ya sake rabuwa, ƙusar kuwa ta ƙara tsagar.

Sai na kira wani kafinta daga cikin matasanmu. Ya duba, ya ce, "Baba Fasto, sabon gam ba ya kama tsoho. Sai an kankare har katako ya sadu da katako." Ya zare ƙusata, ya kankare bakin tsagar da wuƙa, ya shafa gam, ya ɗaure tam da roba. Sa'an nan ya ce kada kowa ya taɓa sai gobe war haka.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Shekara uku ke nan da na yi wa wani dattijon ikilisiya magana mai zafi a gaban jama'a, a kan kuɗin gini. Washegari muka sha hannu, muka yi murmushi, amma ban taɓa furta laifina ba. Tun daga lokacin ya koma kujerar baya. Ashe gam na shafa a kan tsohon gam. A Matiyu sura 5 Ubangijinmu ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko, ni kuwa na sha yin wa'azi a kan wannan.

Ran Talata na je gidansa, na faɗi abin da na yi da sunansa, ban kawo hujja ba. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji, Fasto." Har yau bai komo gaba ba. Ba na matsa masa, ina jira.

Kai fa, wa ka sha hannu da shi alhali tsagar tana nan? Ka je ka kankare, ko da zafi, ka bar wa Allah lokacin kamawa.

Ya Ubangiji, ka ba mu tawali'un furta laifi, da haƙurin jira. Amin.