Alzas: ƙasar inabi wadda sanyi ne arzikinta

A gabashin Faransa, tsakanin duwatsun Vosges da kogin Rin wanda ya raba ta da Jamus, akwai wata siririyar ƙasa da ake kira Alzas. Matafiyin da ya bi hanyar inabinta, wadda aka buɗe a 1953, zai yi kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann, bai daina ganin kurangar inabi jere a jikin tudu ba. Gonakin sun kai hekta dubu 15 da ƴan kai. Mafi yawan masu karatunmu ba su da hulɗa da giyar da ake tatsa a can, amma labarin manoman da suka mai da sanyi dukiya, kuma suke ganin yana suɓuce musu, ya shafi duk mai rayuwa da abin da sama ta bayar.

Asirin wurin yana ga duwatsun. Hadarin da ke tasowa daga teku, ta yamma, yana zubar da ruwansa bisa Vosges kafin ya tsallaka, shi ya sa birnin Kolmar ke cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwa a Faransa: wajen milimita 600 a shekara, bai fi na Maraɗi da yawa ba. Sai dai can ruwan yana rabuwa cikin watanni goma sha biyu, rana kuma ba ta shanye shi. Kaka tana da tsawo, da hantsi mai ɗumi da dare mai sanyi, ɗan inabi ya nuna sannu a hankali, ya tara zaƙi ba tare da ya rasa tsaminsa da ƙanshinsa ba. Saboda haka kusan kashi 90 cikin 100 na giyar Alzas fara ce.

Wanda ke son ganin aikin da idonsa, sai ya ya da zango a Riquewihr, ƙaramin gari mai ganuwa, da gidajen katako masu launi, da hasumiyar Dolder da aka gina a 1291. Nan ne gidan Hugel yake, wanda aka kafa a 1639, yana kuma hannun zuriya ɗaya har yanzu. A ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa akwai wata babbar gangar itace ta shekarar 1715, mai suna Sainte-Catherine, wadda ba ta bar aiki ba. Gonakinsu mafi daraja suna kan tudun Schoenenbourg da na Sporen, kowane da irin ƙasarsa da inabin da ya karɓe ta.

Mutanen Alzas ba sa raba zancen giya da zancen tuwo. Riesling, marar zaƙi mai kaifin tsami, ita ake ajewa kusa da kifi, ko kusa da shukrut, wato ganyen shu da aka yanka aka tsima da gishiri, ake dafa shi da naman alade. Tsamin ne ke yanke maiƙo. Gewurztraminer kuwa, mai ƙanshin fure, ta dace da cukun Munster mai ƙarfin wari, da abinci mai yaji wanda ke danne sauran giya. Akwai kuma ta girbin baya, wadda ake barin inabinta a jikin kuranga har ya yanƙwane, wani lokaci wata irin fumfuna ta tsotse ruwansa, zaƙi ya taru. Ita ake sha da hantar agwagwar da aka yi wa kiwon turke. Jean Hugel, wanda ya rasu a 2009, shi ne ya tsaya kai da fata har aka yi mata doka mai tsanani a 1984.

Wannan daraja ba a banza ta samu ba. Sau huɗu Alzas tana sauya hannu: Jamus ta karɓe ta a 1871, ta koma Faransa a 1918, aka sake ƙwace ta a 1940, sannan ta dawo da ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A zamanin mulkin Jamus na farko yawa aka fi nema, ba kyau ba, ƙwaron filoksera kuma ya cinye saiwoyi. Da sanyin 1944 zuwa 1945, ƙauyukan Bennwihr da Mittelwihr, maƙwabtan Riquewihr, suka zama kufai. Daga wannan toka ne manoma suka sake dashe da iri nagari, har aka ba yankin shaidar asali a 1962, aka kuma wajabta ɗura giyar cikin kwalba a Alzas kanta daga 1972.

Abin da yaƙi bai ƙwace ba, shi zafi ke neman ɗauka. A shekarun 1970 sai cikin Oktoba ake shiga girbi. A 2018 da 2020 kuwa tun ƙarshen Agusta aka soma tsinkar inabin giya mai kumfa. In zafi ya yi yawa, zaƙi kan hau da sauri, giya ta ƙara ƙarfi, tsamin da aka san Riesling da shi ya ragu. Wasu manoman sun koma neman gonaki a saman tudu da gefen da rana ba ta dukansa sosai. Jan inabin Pinot Noir, wanda da can da ƙyar yake nuna, ya samu shiga sahun manyan gonaki biyu, Hengst da Kirchberg de Barr, a 2022.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manomin Alzas na iya hawa tudu yana bin sanyi, amma tudu yana da iyaka, kuma kurangar da aka dasa bana sai ta yi shekaru talatin ko fiye tana ba da ƴaƴa. Ke nan duk wanda ke dashe yau a Riquewihr, caca yake yi da irin kakar da jikokinsa za su tarar.