Linzami

Kwana huɗu da haihuwar autarmu a Damagaram, uwarta ta soma hawaye duk lokacin da za ta ba ta nono. Kan nonon ya tsage, jaririyar kuwa sai ta kama ta saki, sannan ta ɓarke da kukan yunwa. Inna ta buɗe bakin jikarta da yatsa, ta leƙa, ta yanke hukunci: “Linzami ne. A kira wanzami kafin ranar suna, kada ta tashi da tsamin baki.”

Shekara ashirin ina koyar da Faransanci da Hausa a sakandare, amma sai ranar na lura harsunan biyu sun haɗu a kan wannan ƴar siririyar fata da ta haɗa harshe da ƙasan baki. Bahaushe ya ce linzami, Bafaranshe ya ce frein, daga kalmar Latin frenum, wato linzamin doki. Kowane ɗan Adam yana da ita. Takan zama matsala ne idan ta yi gajarta har ta hana harshe ɗagawa. Likitoci sun ƙiyasta ana ganin haka ga jarirai 4 zuwa 10 cikin 100, da yawansu kuma suna shan nono lafiya lau.

Musa wa Inna ba abu ne mai sauƙi ba. Wanzamin ma ba baƙo ba ne, shi ya yi mini kaciya. Sai dai a ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini da hanyoyin miyau, jinjirar kwana huɗu kuma ba ta da jinin zubarwa. Na roƙi Inna ta ba ni kwana biyu.

Washegari muka tafi asibitin haihuwa. Ungozomar ba ta fara da bakin jaririya ba. Ta ce wa uwar: “Ba ta nono in gani.” Ta juya jaririyar cikinta ya manne da na uwa, ta jira ta wangale baki, ta sa ta kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon. Sannan ta sa yatsa ta ji motsin harshen. “Malam, linzamin da ɗan gajarta, amma harshen yana aiki. In ciwon bai lafa ba, ko nauyinta bai ƙaru ba, likita zai datse shi da almakashi mai tsabta. Na leɓen sama kuwa, kowane jariri da shi ake haihuwarsa, a bar shi.”

Daga baya na karanta cewa gaggawar yanka ba tamu ba ce mu kaɗai. A asibitocin Amurka, datse linzami ya ninka kusan sau 10 tsakanin 1997 da 2012. A 2022 Majalisar Masana Likitanci ta Faransa ta yi gargaɗi a kan yawaitarsa, a 2024 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi kira a fara da gyara shayarwa. Bincike ya nuna yankan yana iya rage wa uwa zafi, amma babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa yi wa jinjiri shi yana hana matsalar furuci nan gaba. Akwai jariran da suke buƙatarsa da gaske. Gane su kuwa sai an zauna an kalli shayarwa.

Kafin ranar suna ciwon ya soma lafawa. Wanzami ya zo ya yi askin suna, aka sallame shi, askarsa ba ta shiga bakin ɗiyata ba. Bayan mako biyu sikeli ya nuna nauyinta ya ƙaru.

Inna ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Shekara biyu tana kasa kunne ga kowace kalma ta jikarta. Yanzu idan yarinyar ta cika gida da surutu, sai Inna ta harare ni ta ce: “Ka hana a yanke mata linzami, to ga shi sai an sa mata wani.”