Biki a Bakin Bahar Rum: Hajiya, Ki Fara Tambayar Ƙafar Kaka

Idan 'yarki ta miƙo miki waya ta ce, "Mama, irin wannan nake so," kika ga farar rumfa a kan yashi, teku shuɗi a bayan amarya, kada ki yi saurin cewa a'a, kada kuma ki yi saurin tambayar kuɗi. Fara tambayar wace ƙasa ce, domin Bahar Rum babba ce. Galibin hotunan nan daga Italiya suke, ko Girka, ko Sifaniya, kuma duk ukun bizar Shengen suke nema. Kowane baƙo shi zai nemi tasa, da takardun bankinsa da shaidar cewa zai dawo. Ana iya bai wa amarya a hana uwarta. Ki kwatanta kin biya kuɗin wuri, kin ɗinka anko, saura mako biyu fasfon gwaggon ango ya dawo ba hatimi.

Shi ya sa ni dai Iskandariyya nake nuna wa uwayen amare. Tana bakin tekun nan guda, a arewacin Masar. Ita ma Masar sai da biza, ana nema a ofishin jakadancinta na Abuja, amma hanya ce da mutanenmu suka saba bi, wasu don karatu, wasu don asibiti. EgyptAir na tashi daga Kano zuwa Alƙahira, tafiyar awa huɗu da ɗoriya. Daga nan kilomita kusan 220 ne zuwa Iskandariyya, wajen awa uku a mota ko jirgin ƙasa. Nama halal ne, kiran salla na shigo miki har ɗaki, ba wanda zai bi mayafinki da kallo.

Garin a miƙe yake, ya bi gaɓar teku kamar zare, kuma titi guda mai suna Kornish ne ya ɗinke shi daga wannan kai zuwa wancan. A kan yamma akwai ganuwar Ƙaitbai, wadda Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Da la'asar kwale-kwalen masunta na lilo a gindinta, iska na kawo ƙamshin gasasshen kifi. Kusa da nan masallacin Abul Abbas Al-Mursi yake, a gefensa kuma masallacin da aka binne Imam Busiri, mai Alburda. Tsofaffin da suka tashi da jin ta a daren Maulidi, wannan ziyarar za ta fi zauna musu a rai fiye da dinar kanta. A kan gabas kuma lambun Muntaza ne, mai dabino da inuwa da fadojin sarakunan Masar na da: Salamlik ta 1892, da Haramlik ta 1932. Nan masu hoto suka fi so, kuma da gaskiyarsu.

Wuraren bikin iri biyu ne. Akwai otal-otal na cikin gari masu zaure da baranda mai kallon ruwa. Akwai kuma wuraren shaƙatawa na gaɓar yamma, wadda Misirawa ke kira Sahil, wajen Alamain, kimanin kilomita 100 daga gari. Ba zan ɓoye miki ba, Sahil ta fi kyau a hoto. Yashinta fari ne tas, ruwan kamar an zuba shuni. Amma harkarta ta lokacin zafi ce, da zarar Satumba ta wuce wurare da yawa sai su yi tsit, kuma tana nesa da manyan asibitocin Iskandariyya.

Nan ne aikina na jinya yake sa baki. Ki ɗauki biro ki rubuta mutanen da idan ba su, biki bai yi ba. Ki duba wa ya fi tsufa, wa ke shan maganin hawan jini, wa ke allurar ciwon suga, wace ce mai juna biyu. Wannan takardar ce za ta zaɓi wurin. Idan kakar amarya da sanda take tafiya, rumfar kan yashi ta fita daga lissafi, domin sanda nutsewa take yi, keken guragu kuma ba ya turuwa a kai. Ki ce mai wurin ya ɗauko miki bidiyo yana tafiya da ƙafarsa daga inda mota ke tsayawa har kujerar baƙi, ba tare da yanka ba. Ki ƙirga matakalar bene. Ki ga ko akwai lif, ki ga nisan banɗaki, ki tambayi inda mata za su yi alwala su yi Magariba ba tare da sun ratsa cikin maza da gwaggwaro a kai ba. Ki kuma tambaye shi minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa da daddare. Lambar motar asibiti a Masar 123 ce, ki sa a wayarki.

Sauran na lafiya gajeru ne amma kada a tsallake. Mai zuwa daga Nijeriya sai da katin rigakafin shawara, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10. Insulin a jakar hannu ake sa shi, domin a cikin kayan ƙasan jirgi yana iya daskarewa ya lalace. Kowa ya riƙo maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali. Mai ciki ta ga likitanta tun kafin a yanki tikiti: yawancin kamfanonin jirgi na neman takardar likita daga wajen mako 28, ba sa ɗauka bayan mako 36. Tsofaffi su riƙa miƙewa suna ɗan takawa a jirgi saboda daskarewar jini a ƙafa. Ruwan gora za a sha. Yara kuwa a sa musu ido, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba bai san igiyar teku tana janye mutum ta ƙasa ba.

Wata ma zaɓarsa ake yi. Yuli da Agusta rabin Alƙahira na kwararowa nan gudun zafi, Kornish ya cushe, farashi ya hau, ga gumi mai narkar da kwalliya. Daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin ruwa ne da guguwar da suke kira nawwa, har teku kan watso ruwa kan titi. Tsakanin Maris da Mayu wata iska mai zafi da ƙura, hamsin, takan taso daga hamada. Ni ƙarshen Satumba zuwa Oktoba na fi yarda da shi. Duk da haka ki nemi a rubuta cewa akwai zaure a ajiye idan iska ta tashi. Su Misirawa daren Alhamis da Juma'a suka fi yin biki, saboda haka ranar tsakiyar mako ta fi sauƙin samu.

Maganar kuɗi a rubuce. A Maris 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 a dala zuwa wajen 50 a rana guda, don haka takardar yarjejeniya ta faɗi da wane kuɗi za a biya, nawa ne kafin alƙalami, nawa za a mayar idan an fasa. Ta faɗi ko haraji da kuɗin hidima na ciki. Ki tambaya ko za a bari a shigo da abincin waje, domin otal da yawa ba sa bari, kuma kin san mutanenmu: kwana biyu ana kifi da gurasa, za a fara cigiyar tuwo. Yaji da kilishi a jaka suna kashe rigima da yawa. Idan ba kya son giya ta gifta a wurin, ki faɗa tun farko a rubuta.

Ɗaurin aure kuwa, a yi shi a gida. Rajistar auren baƙi a Masar ta ofishin Ma'aikatar Shari'a take bi, da takardu da fassara da hatimai, wahalar da ba ta da dalili. A ɗaura a masallacin unguwa, waliyyai su zauna, a raba goro da alewa, a yi kamu da wuni inda maƙwabciyar da ta yi ta goyon amarya tana jaririya za ta zo ta ci ta yi guɗa. Ba kowa ke da kuɗin jirgi ba, kuma wanda aka bari a baya ba tare da an yi masa komai ba yana riƙewa shekaru. Abin da za a kai bakin teku walima ce ta mutum ashirin ko talatin. Lalle ma ba sai kin damu ba, su ma suna da daren lallensu, suna kuma da zaffa, rakiyar ango da amarya da ganguna har cikin zaure. Ki dai gaya wa makaɗan su sassauta idan sun zo kusa da teburin tsofaffi, ki kuma sa wa Kaka kujera mai hannu a inda za ta ga ruwa ba tare da iska ta buge ta ba.