Daga Zongo Zuwa Ganhi: Ranar da Na Je Sayen Babbar Talabijin

Duk wanda ya zauna Kwatano ya san zafin hantsi in iskar teku ta kwanta. A irin wannan lokacin na hau zemijan, 'yan acaɓar nan masu riguna ruwan ɗorawa, daga unguwar Zongo na nufi Ganhi, jika 300 ɗaure a lalitata. Ribar albasa ce ta wata huɗu.

Abin da ya fitar da ni ba son burga ba ne. 'Ya'yana uku nan aka haife su. Faransanci a makaranta, Fon a titi, Hausar sai in za a yi musu faɗa. Da an yi magariba sai su sulale gidan maƙwabta kallo, ba su dawowa sai dare ya yi. Na ce bari in kawo abin da zai zaunar da su, ko sa riƙa jin harshenmu a Arewa24.

Muka ratsa ta gefen Dantokpa, inda nake da rumfa. Ƙaurin kifi, hayaƙin babura, ga masu dakon kaya suna ta neman hanya. Ganhi kuwa wata duniya ce: bankuna da kantuna masu gilashi, sanyin na'ura yana dukanka tun daga ƙofa. Talabijin jere a bango, duka suna nuna wasan ƙwallo guda. Idona ya faɗa kan mai inci 55. Wallahi har zufar goshin ɗan wasa kana gani.

"Alaji, wannan ce daidai da kai," in ji yaron kantin. Jika 280.

Na kira uwargida, na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, faɗinta nawa?" Aka gwada, ya haura mita ɗaya da santimita 20. Ta ce, "To ita da kabad ɗina wa zai kwana a waje?" Ɗaki biyu muke haya.

Na samu kujera na yi lissafi irin na kasuwa. Bayan kuɗin tele akwai tasa da dikoda, da na'urar daidaita wuta, da ƙarfen maƙalawa, ga mita mai cin kati. Sannan tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a 2023, kayan Galmi suka daina isowa yadda muka saba, kuɗin mota ya hau. Wanda jarinsa ke kan hanya ba ya rataye shi a bango.

Na ɗauki mai inci 32, da duk tarkacenta ba ta kai jika 120 ba. Yaron ya ɓata rai, ni ko a jikina. Saura na raba biyu: rabi ya koma buhunan albasa, rabi na aika wa Inna a gida.

Daren nan muka shimfiɗa tabarma, har da 'ya'yan maƙwabtan. Ana cikin Daɗin Kowa sai autata ta juyo: "Baba, mene ne 'kunya'?" Uwarta ta rage sauti, ta fara yi mata bayani.